Ciwon Suga da Ciwon Damuwa: Tambayar da Ba Mu Yi wa Majinyatanmu



Mai girma shugaban wannan zama, wakilan iyayenmu masu martaba sarakunan Talata Mafara da Bakura da Maradun, Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana, malamanmu limamai, likitoci da malaman jinya da ungozomomi, ma'aikatan ɗakunan shan magani na karkara, ɗalibai, iyayenmu mata da sauran jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Ina gode wa waɗanda suka shirya zaman nan suka kuma ba ni damar tsayawa a gabanku. Na san wasunku sammako suka yi, suka biyo hanyoyin da duk mun san halin da suke ciki. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

An nemi in yi magana a kan ciwon damuwa a tsakanin masu fama da ciwon suga, da abubuwan da ke jawo shi. Bari in fara da abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A yawancin asibitocinmu, idan mai ciwon suga ya zo ganin likita, za a soki yatsarsa a ɗiga jini a kan tsinken gwaji, a ɗaura masa awon hawan jini, in an yi sa'a a ce ya cire takalmi a duba ƙafa. Daga nan sai a rubuta magani a kira na gaba. Babu mai ce masa, "Baba, yaya zuciyarka? Kana samun barci kuwa?" Idan ya dawo bayan wata uku sugan ya haura, muka gano ya daina shan magani, sai mu ce taurin kai gare shi. Da yawa daga cikin waɗanda muke yi wa wannan shaida marasa lafiya ne sau biyu, mu kuwa cuta ɗaya muka gani. Zan kasa maganata kashi biyar.

Na farko, me ake nufi da ciwon damuwa?

Babu ɗan Adam da ba ya baƙin ciki. An yi maka rasuwa, ko amfanin gona bai yi kyau ba, dole ranka ya ɓaci. 'Yan uwa su zo su yi maka jaje, kwana ya ja, zuciya ta lafa. Wannan ba cuta ba ce. Likitoci suna kiran abu ciwon damuwa ne idan mutum ya kwashe aƙalla mako biyu, kusan kullum, kusan duk yini, ransa a jagule, ko kuma abubuwan da a da suke masa daɗi sun fita daga ransa. Mai son zaman majalisa bayan la'asar ya daina fita. Uwar da jikokinta ke hawa bayanta tana dariya yanzu ko muryarsu ba ta son ji. Sai sauran alamu su biyo baya: barci ya ƙaurace, musamman farkawa tun kafin assalatu a kasa komawa, ko kuma barcin ya yi yawa. Abinci ya fita a rai, jiki ya mutu, tunani ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Mutum ya riƙa ganin kansa a matsayin kaya a wuyan iyalinsa. Mafi hatsari, ya fara jin gara ma ya mutu ya huta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum kusan miliyan 280 ne ke ɗauke da wannan ciwo a duniya. Wani zai ce ai cutar Turawa ce. To, fiye da shekara dubu da suka wuce, malamin Musulunci Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, mai suna Masalihul Abdani wal Anfus. A ciki ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauka wa mutum ba tare da ya san mafarinsa ba, ya kuma nuna cewa na biyun yana da tushe a jiki, yana bukatar magani. Ilimin nan namu ne tun da daɗewa.

Na biyu, me ya haɗa shi da ciwon suga?

Tun a ƙarni na 17 wani likitan Ingila mai suna Thomas Willis ya lura cewa dogon baƙin ciki na cikin abubuwan da ke gabatar ciwon suga a wasu majinyatansa. Binciken zamani ya tabbatar da cewa akwai alaƙa. A shekarar 2001, Anderson da abokan aikinsa a Amurka sun tattara sakamakon bincike 42, suka gano cewa mai ciwon suga ya ninka wanda ba shi da shi sau biyu wajen yiwuwar kamuwa da ciwon damuwa. A shekarar 2008 kuma Mezuk da abokan aikinta suka nuna cewa hanyar tana zuwa tana dawowa: wanda ke da ciwon damuwa, hatsarin ya kamu da ciwon suga nau'i na biyu yana ƙaruwa da kusan kashi 60 cikin ɗari.

Ta yaya? Hanya biyu ce. Akwai ta cikin jiki. Idan mutum ya daɗe cikin fargaba da ƙunci, jikinsa na yawan fitar da wani sinadari da ake kira kotizol, shi kuwa yana sa hanta ta ƙara zubo suga cikin jini, yana kuma rage wa insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, ƙarfin aiki. Akwai kuma ta ɗabi'a, wadda ta fi sauƙin gani. Ciwon suga cuta ce mai neman hidima kullum: a sha magani kan lokaci, a kula da abinci, a motsa jiki, a duba ƙafa, a koma asibiti. Ciwon damuwa kuwa abin da yake fara kashewa shi ne ƙwazo. Wanda tashi daga shimfiɗa ya zame masa aiki, yaya za a yi ya tuna da ƙwayar safe da ta dare? Sugan ya hau, jiki ya ƙara lalacewa, damuwar ta ƙaru. Shi ya sa bincike da dama suka nuna cewa mai ciwon suga da ke da ciwon damuwa ya fi saurin samun matsalar ido da ƙoda da zuciya, kuma hatsarin mutuwarsa ya kai kusan ninki ɗaya da rabi na wanda suga kaɗai ke damunsa. Likitan da ke ta ƙara wa irin wannan majinyaci ƙwayoyi bai taɓa damuwar ba, kamar manomin rani na madatsar ruwan Bakolori ne da ke ta zuba taki alhali magudanar da ke kawo ruwa gonarsa ta toshe.

Kada mu ɗauka mutane kaɗan abin ya shafa. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ke da ciwon a duniya, miliyan 24 a Afirka, fiye da miliyan 3 da rabi a Nijeriya. Fiye da rabin na Afirka ba su ma san suna da shi ba.

Na uku, kuma a nan zan fi daɗewa, su wa abin ya fi kamawa?

Wanda ciwon ya riga ya taɓa wa wata gaɓa shi ne a sahun gaba. Ƙafafu su riƙa zugi da daddare kamar an zuba barkono, mutum ya kwana a zaune. Ido ya fara hazo, malamin da ya saba karatun Alƙur'ani bayan asuba ya kasa ganin baƙi. Gyambo ya fito a tafin ƙafa ya ƙi warkewa, wari ya sa mutane ja da baya, a ƙarshe a ce sai an je Gusau ko Sakkwato an yanke. Manomin da aka yanke wa ƙafa ya rasa ƙafa, ya rasa gona, ya rasa matsayinsa na mai ciyar da gida, duk a rana ɗaya. Akwai kuma abin da maza ba sa faɗa, iyayena ku gafarce ni, ilimi ne ya kawo mu. Ciwon suga yana raunana mazakuta. Magidanci mai mata biyu ko uku ya wayi gari ya kasa sauke haƙƙin iyali, kunya ta hana shi gaya wa likita, sai ya koma wajen masu tallar maganin maza a kasuwa. Gida ya rikice da zargi, wata ta ce asiri aka yi masa. Wannan mutum zai iya shekara yana cin wuta a ransa, a katinsa na asibiti kuwa lambar suga kawai aka rubuta.

Sai talauci. Ciwon suga ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a huta, hidima ce ta har ƙarshen rayuwa, kuma mafi yawan mutanenmu daga aljihunsu suke biya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo. Ku tsaya a kemis ranar Talata, ranar kasuwar Mafara, ku ga dattijon da ke miƙa takardar likita yana cewa a ba shi na kwana biyar, sauran sai Allah ya hore. Wani yana raba ƙwaya biyu don ta kai shi. Mai allurar insulin nasa ya fi tsanani: ga kuɗin allurar, ga sirinji, ga tsinken gwaji, ga neman inda za a ajiye ta a watannin bazara da zafi ke haura digiri 40 babu wuta. Shi ya sa za ka ga an ɗaure kwalbar a leda an sa a ƙaramar tukunyar ƙasa, an binne tukunyar cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. An gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada tun 1921, yau fiye da shekara ɗari, amma har yanzu akwai uban da ke kwana yana lissafin ko ya sayi allurar ɗansa ko ya auno dawa.

Na gaba shi ne abin da mu da kanmu muke jawowa, wato yadda muke yi da majinyaci a gida. Ranar da aka ce mutum yana da suga, ranar ake raba shi da akushin gidansu. A ce kada ya ci tuwon dawa, kada ya sha fura, kada ya taɓa shinkafa ko hoce, sai alkama da acca da wake. A dafa masa nasa daban, a kai masa ɗaki, ya ci shi kaɗai yana jin hayaniyar 'ya'yansa a tsakar gida. Ya je biki ko suna, da ya miƙa hannu sai wani ya ce, "A'a Alhaji, ka manta da ciwonka?" a gaban jama'a. Sannu a hankali ya daina zuwa. Alhali ita ma alkamar hatsi ce, tana komawa suga a jiki kamar sauran. Abin da ake bukata shi ne rage yawan tuwon, a yawaita miyar ganye, zogale da rama da yakuwa da kuɓewa, a haɗa da wake, a bar lemon kwalba da zuba sukari a shayi da kunu. Irin wannan abinci duk gida zai iya ci tare, kowa ya amfana. Don Allah a dawo da majinyaci cikin akushi.

Mata sun fi maza shiga wannan hali. A binciken 2001 da na ambata, kashi 28 cikin ɗari na mata masu ciwon suga ne aka samu da damuwa, maza kuwa kashi 18. A wurinmu akwai ƙarin dalilai. Mace sai ta jira izini da kuɗin mota kafin ta je asibiti. Ita ke girka wa kowa, ita ke jinyar kowa, idan ta kwanta babu mai jinyarta. Wadda ciwon ke sa ta yawan ɓari ko haihuwar jariri ba rai tana fama da rashin ɗa, tana fama da gorin kishiya da dangin miji. Bazawara da gwauruwar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu su ne suka fi kowa shiga tsaka mai wuya.

Ba zai yiwu in tsaya a ƙasar Zamfara in yi wannan magana in tsallake tsaro ba. Fiye da shekara goma ke nan jama'ar yankin nan suna kwana da ido ɗaya. Akwai wanda aka kashe masa ɗa, akwai wanda ya sayar da shanu da gona ya biya kuɗin fansa, akwai wanda ya baro ƙauyensu da kayan jikinsa kawai ya raɓe a gidan dangi a cikin Mafara ko Maradun ko Bakura. Ko mai cikakkiyar lafiya wannan ya isa ya karya masa zuciya, balle wanda rayuwarsa ta rataya a kan ƙwayar da sai an shigo gari ake samu. A watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya aka kuma rufe kasuwannin mako a jihar nan saboda matakan tsaro, majinyacin ƙauye bai da hanyar kiran ɗansa da ke birni ya turo kuɗin magani. Idan ɗan gudun hijira mai ciwon suga ya zo gabanka, ka ɗauka yana cikin hatsarin damuwa har sai ka tabbatar ba haka ba ne.

Sauran zan ambata a gurguje: wanda ya taɓa yin ciwon damuwa a baya ko yake da shi a dangi, wanda ke haɗa suga da hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki, matashin da aka ce zai yi allura har abada yana tunanin wa zai ba shi aure, da mai yawan faɗuwar suga, wanda gumi da karkarwa da jiri suka taɓa kayar da shi a kasuwa, tun daga ranar yake tsoron fita shi kaɗai. Sai dattijon da likita ya hana azumin Ramadan, yana kallon kowa na buɗa baki yana jin kamar ya yi saɓo.

Na huɗu, me ya sa ba mu gane shi?

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A wannan ciwo fuska na iya ɓoyewa, domin an tarbiyyantar da mu a kan dauriya da kunya. Ka ce wa Bazamfare "yaya jiki?" ko yana kan gargara zai ce "da sauƙi, alhamdu lillahi." Majinyacinmu ba zai ce yana cikin damuwa ba. Zai ce kansa na zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, wani abu na yawo a jikinsa, barci ya gagara. Ga shi kuma kasala da rama da tashin dare alamun hawan suga ne su ma, sai a jingina komai ga sugan.

Sannan akwai tsoron a ce mutum ya haukace, da tsoron a ce imaninsa ya yi rauni. Malamaina, a nan muke neman taimakonku. Mun san Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusufu har idanunsa suka yi fari. Mun san a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai shekarar da ake kira shekarar baƙin ciki, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta. Wa zai ce imaninsu ya ragu? Ba mu taɓa ce wa mai gyambo ya bar wanke ƙafarsa ya tsaya ga addu'a kaɗai ba. A yi addu'a, a yi haƙuri, a kuma nemi magani. Idan liman ya faɗi haka a huɗubar Juma'a, ya fi likita ya faɗa sau ɗari.

Na biyar, me za mu yi?

Kada mu jira likitocin ƙwaƙwalwa. A duk Nijeriya, mai mutum fiye da miliyan 200, ba su kai 300 ba, kuma asibitin ƙwararru na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato ba zai ɗauke mu duka ba. Aikin na wanda ke riƙe da na'urar awon suga ne. Abin da nake roƙo ƙarami ne, ba ya cin ko kwabo. Duk lokacin da kuka soki yatsar majinyaci, kafin lamba ta fito, ku yi masa tambaya biyu. A cikin mako biyun nan, kana jin abubuwan da ka saba jin daɗinsu sun fita daga ranka? Kana yawan jin ranka a ɓace, ko ka yanke ƙauna? Waɗannan su ne tambayoyin farko na takardar tantancewa mai tambaya tara da ake kira PHQ-9. Idan ya amsa da e, a zaunar da shi inda babu kunnen jama'a a ƙarasa sauran. A tambaye shi kai tsaye, cikin ladabi, ko tunanin kashe kansa na zo masa. Tambayar ba ta cusa wa mutum wannan tunani, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Wanda ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga kusa da shi, a kai shi ga likita a ranar.

Ciwon yana jin magani. A shekarar 2010, Katon da abokan aikinsa a Amurka sun wallafa gwajin da malaman jinya suka riƙa bibiyar majinyata masu suga ko ciwon zuciya tare da damuwa, suna kula da duka a lokaci ɗaya. Damuwar ta ragu, sugan da hawan jinin ma suka sauka. A Zimbabuwe kuma, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa, suna taimaka musu warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna abin yana aiki. Shin mun rasa dattawan mata masu riƙon amana a Bakura ko Maradun? Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shiri tun 2008, mai suna mhGAP, na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci wannan aiki. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Ina kira ga hukumomin lafiya na jiha da na ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun su kawo wannan horo ɗakunan shan maganinmu, su kuma sassauta wa talaka kuɗin maganin suga.

Idan abin ya yi nauyi akwai ƙwayoyi, irin su fuloksetin da amitiriftilin. Likita ne zai zaɓa, domin wasunsu na ƙara ƙiba ko su taɓa suga da zuciya. Sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a ji sauƙi, kuma ana ci gaba da sha na wasu watanni bayan an warware. Kada kowa ya je kemis ya sayi ƙwayar barci da kansa, kada kuma a ajiye maganin suga saboda an fara wannan.

Ku kuma 'yan uwa na gida, ku daina yi wa majinyaci tsawa a kan lambar awo. Ku raka shi asibiti, ku fita tattaki tare bayan sallar asuba ko la'asar inda hali ya ba da dama, ku ci gaba da neman shawararsa a kan al'amuran gida kamar da. Ku masu ciwon da ke cikin zauren nan, idan abin da na bayyana ya yi kama da halin da kuke ciki, ku same ni ko ɗaya daga cikin abokan aikina bayan an tashi, za mu saurare ku a keɓe.

Mai girma shugaba, a nan zan dakata.  Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da jiharmu lafiya. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu, wanda kuma yake jin nauyin tambaya a bainar jama'a ya rubuta a takarda ba sai ya sa suna ba, za a miƙo mini in amsa.